Shekarar da Albasa Ta Fi Kifi Yawa

A layinmu, nan gangaren Bonnievale ta wajen kogi, idan ka tambayi Anti Mieta kowa zai nuna maka gidan, amma da wuya ka same ta a ciki. Mijinta za ka tarar, Oom Gawie Windvogel, wato Kawu Gawie, da tsumma a kafaɗa yana leƙa tukunya. Ita tana kan ruwa. Haka gidan yake tun kafin a haifi yawancinmu, matar ke kamo kifi, mijin ke dafawa. Wanda abin bai yi wa daɗi ba yakan yi gunaguninsa a ɗaki, domin shi ma ranar Juma'ar Ista zai miƙo kwanonsa.

Mieta 'yar mai kula da injin ban-ruwa ce a wata gonar inabi da ke bakin kogin Breede. Tun ba ta isa ɗaukar bokiti ba ta iya ɗaura ƙugiya. Ta yi duk aikin da matan nan suke yi, yankan inabi lokacin girbi, sare rassa lokacin sanyi, cire ƙwallon 'ya'yan itace a kamfanin gwangwani har yatsunta suka karkace. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa daga tsallaken kogi ana jin ta. Ba ta iya rarrashi ba, ba ta iya gaisuwar mara lafiya ba, girkinta kuma Allah dai ya kyauta. Amma ka sa ta a kan ruwa ka ga mace.

Kwalekwalen ma kogi ne ya kawo mata. Shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya janye, aka gan shi rataye a kan bishiya, ɗan kwalekwalen roba na mutum ɗaya irin wanda masu zuwa hutu suke kira kayak, rawaya, cikinsa a tsage. Mai shi ya zo daga Cape Town, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan sai juji. Mieta ta ce to ita ce jujin. Gawie ya narka wani tsohon kwandon roba ya like tsagar, ya kwance tayoyin keken jariri ya haɗa mata ɗan amalanken da za ta riƙa jan shi zuwa bakin ruwa. Yaran layi suka sa wa kwalekwalen suna Ayaba, sunan kuwa ya bi shi.

Matan coci sun sha magana a kai. Sus Katriena, wato 'yar'uwa Katriena a bakin 'yan coci, maƙwabciyarta, wadda ba ta taɓa ganin abu ta yi shiru ba, ta tare ta wata rana a bakin shinge.

"Mieta, ke ko kunya ba kya ji? Mace da jikoki, a ce kina zaune cikin roba da wando, ƙafa a miƙe a tsakiyar kogi."

"To Sus, da siket kike so in shiga? Ai kifayen ma a tausaya musu."

Tun daga ranar Katriena ta koma yi da ita a bayan ido, wanda ya fi wa kowa sauƙi.

Kifin da take bi shi ne bas, mai launin tagulla da jan ido, wanda yake laɓewa a gindin duwatsu da ƙarƙashin rassan da suka zubo cikin ruwa. Da tanar roba take yaudararsa, ta jefa, ta bar ta ta nutse, ta ɗan girgiza sandar fatsa, ta jira. Tana da dokokinta, kuma duk wanda ya tsaya kusa da ita sai ya ji su ko bai tambaya ba. Kullum sama take nufa, wajen da ruwan yake gangarowa, domin in ta gaji kogi ya dawo da ita gida. Filafili a ɗaure yake da kwalekwale, wuƙa kuma a ƙirjinta, jikin rigar hana nutsewa. Babbar dokar ita ce ta igiya. In za ta tsaya a wuri, takan zagaya igiya a reshe ta dawo da ita gefen cinyarta ta yi ɗaurin zarge, wanda fizga ɗaya yake kwance shi. Ta sha zagin maza manya a kan wannan, wai mahaukaci ne kaɗai yake ɗaure kansa a kogi da ƙullin da hannu ɗaya ba zai kwance ba.

Shi Gawie ko yatsan ƙafarsa bai taɓa tsomawa a Breede ba. Tsoron ruwa yake yi, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Yakan rako ta har kan tudun da hanya take gangarawa, ya tsaya nan ya harɗe hannu. Mieta takan ce ko a baho ruwa ya wuce masa idon sawu sai ya fara karanta zabura. Shi kuma ya ce Allah da ya so shi a ruwa da ya yi masa ƙaya a baya. Aikinsa dafa abinci, ya yi shekara da shekaru yana ciyar da 'yan makarantar kwana, kuma yana da wata wuƙa mai baƙar ƙota wadda ko matarsa ba ta isa ta yanka burodi da ita ba.

Ranar Juma'ar Ista ba a hura wuta a nan. Kifin tsami ake ci da burodi mai alamar gicciye, kifin da aka soya aka kwantar cikin albasa da ruwan tsami da kori tun Laraba, in an makara ke nan, domin sai ya kwana biyu yake shiga jikinsa. Kowane gida suna yi, kowane gida kuma suna aika wa maƙwabta. Sauran mutane kifin teku suke saya a kanti. Gawie kuwa ya ce kifin da ya yi tafiya a mota cikin ƙanƙara gawa ce, shi ba ya yi wa gawa kwalliya. Bas ɗin kogi kaɗai yake taɓawa, wanda Mieta ta kamo da hannunta. Albasarsa zobe-zobe take fita, siririya har kana hango haske ta ciki, kuma a layin nan ba wanda zai ce Ista ta zo sai ya ga Oom Gawie a bakin ƙofarsa da babban farin kwanon nan mai shuɗin baki.

Bayan Kirsimeti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun ya mutu murus, ƙafar tana ja, bakin ya ɗan karkace. Likitoci sun ce zai iya tafiya da sanda in ya sa kansa, har suka ba shi sanda mai lanƙwasasshen kai. Ya jingine ta a bayan ƙofa. Ya koma ɗakin baya ya zauna, fuskarsa ga bango. Masu zuwa dubiya suka yi ta zuwa ana ce musu yana barci, har suka gaji. Mieta ta shiga kicin dole, ta riƙa dafa masa shinkafa mai caɓi da nama mai tauri, shi kuwa ya riƙa ci bai ce komai ba. Wannan shirun shi ya fi tsorata ta, domin mutumin da ta aura ba ya barin gishiri ya yi yawa bai yi wa'azi ba. Wata rana ta ce masa baɗi ya kamata su sake jinkar kicin, sai ya ce, a hankali, kalmomin suna jan ƙafa, "Ki bar maganar baɗi da ni."

Ranar Talatar makon Ista 'yarsu Lucrecia, mai aiki a kantin magani a Worcester, ta zo da kwalin kifin kanti.

"Mammie, ga shi an yanka, an cire ƙaya. Soyawa kawai."

Daga ɗakin baya muryar Gawie ta fito. "Ku ba Katriena. Bana gidan nan ba kifi."

"Pappie, ai ni zan yi, ka dai riƙa faɗa mini yadda ake yi."

"Na ce ba kifi."

Lucrecia ta ja uwarta tsakar gida, inda Ayaba yake kife a jikin bango. "Mammie, na ga inda idonki yake zuwa. Rediyo ya ce tun jiya ruwa yake sauka a duwatsun Ceres, gobe kuma zai iso nan da iska. Kada ki je."

"Na ji."

"Wannan na ji ɗin na san shi. Ki ce ba za ki je ba."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Kama hanya kada mota ta bar ki."

"Ɗaya yana kwance a ɗaki, Mammie. Ba zan iya da biyu ba."

Yarinyar ta faɗi gaskiya, Mieta kuma ta san haka. Amma akwai wata gaskiyar da ita kaɗai take gani. Kifin kanti ba zai taɓa tayar da Gawie daga kujerar nan ba, ya riga ya zage shi shekara da shekaru. In kuwa Juma'ar nan ta wuce bai taɓa albasa ba, kwanon wasu ya shigo gidansa nasa bai fita ba, to ta san ba zai ƙara fitowa daga ɗakin nan ba sai an ɗauko shi. Abin da take so kawai shi ne ta ajiye masa bas a kan tebur, jiƙe, yana ƙarnin kogi, ta ga ko zai iya kallonsa ya kau da kai. Laraba ce rana ta ƙarshe.

Da safe ta leƙa ɗakin baya ta ce za ta je wajen Katriena. Bai juyo ba. Ta ja amalanken a hankali, amma tayoyin keken jariri ba su iya sirri ba, sai da suka yi ƙararsu har ta fita layi.

Sama ta yi baƙi ta wajen duwatsu, iska tana kwantar da ciyayin bakin ruwa. Ta shiga a wurin da ta saba, sama kaɗan da ƙaramar gadar kankare, ta nufi sama. Ruwan yana nan da launinsa na baƙin shayi, bai riga ya ɓaci ba, wannan ya ɗan kwantar mata da hankali. Iska ce ta ba ta wahala. Kayak ba shi da nauyi, kowace iska sai ta juya masa hanci, Mieta ta yi ta sara filafili tana zaginsa kamar jaki har ta kai gurbin da ke ƙasan tsohon ɗakin injin ubanta, inda bishiyoyi suke sunkuyo da rassa cikin ruwa. Akwai wani dutse a tsakiya mai kai kamar na tunkiya, da shi take gane tsawon ruwa. Kansa yana waje. Ta zagaya igiya a wani reshe na ƙasa, ta yi ɗaurinta na zarge, yayyafi ya fara.

Duk mai kamun bas ya san cewa gab da lalacewar yanayi kifin nan yakan haukace da ci, kamar ya san zai daɗe bai samu ba. Jifa na farko aka fizge ta. Tana cikin kokawa da shi iska ta bugo Ayaba, igiyar ta yi sako-sako ta sake ɗamewa, ɗaurin ya zare da kansa, ruwa ya kwashe ta daga wurin, kifin ya tafi da tana. Ta komo da ƙyar ta sake ɗaurawa. Aka sake yin haka, wani kifin ya sake tafiya. Ruwan sama ya kece sosai, yana dukan fuska kamar tsakuwa, yatsunta sun fara ƙagewa, kifi kuwa yana nan a ƙasa yana ci. Sai Mieta, wadda ta zagi rabin garin nan a kan igiya, ta kama igiyarta ta ƙulle ta tamau, ta ƙara wani ƙullin a kai. Ta san abin da ta yi. Ta ce a ranta na ɗan lokaci ne.

Daga nan ta shiga kwasa. Ta kama ɗaya, ta zura masa igiyar rataya ta baki ta fito ta kunne, ta sake shi a ruwa a gefen kwalekwale don ya zauna da rai. Ta kama wani, ta ƙara wani, har suka zama huɗu, masu kyau, kowanne ya kai tsawon hannunta daga gwiwa zuwa yatsa. Ta fara jin daɗi, har ta fara tsara abin da za ta ce in ta zube su a gabansa. Shi ya sa ba ta lura da wuri ba cewa ruwan ya tashi daga baƙin shayi ya koma kalar shayi da madara. Ganyaye suka fara wucewa, da kumfa, da wata jarkar roba, da kabewa guda tana juyi. Da ta ɗaga kai ta nemi dutsen nan, babu shi.

Ya kamata ta tafi a lokacin. Tana naɗe zaren ne ma don ta tafi aka danne tanar da wani nauyi da ba irin na sauran ba. Sandar ta lanƙwashe har cikin ruwa. Kifin ya yi tsalle, ta ga faɗinsa, ta ce, "Kai kuma daga ina?" Ba ta sake shi ba, ba kuma wanda ya san ta da zai yi zaton za ta saki. Ta yi ta fama da shi har ta kawo shi gefe, ta cusa babban yatsa a bakinsa ta ɗago shi, ta jefa shi tsakanin ƙafafunta ta matse da gwiwa.

A daidai nan hancin Ayaba ya sunkuya. Ruwa ya hau, reshen da ta ɗaura ya nutse, gajeriyar igiyar tana jan kwalekwalen ƙasa. Ta kai hannu ga ƙullin, ya jiƙe ya ɗame, yatsunta kuma ba su jin komai. Ta gwada da haƙori, a banza. Ta zaro wuƙar ƙirjinta ta yanke. Maimakon ya tafi, sai kwalekwalen ya juya ya ba ruwa gefensa ya tsaya cak, domin igiyar kifayen nan huɗu ta shige cikin rassan da suka nutse ta sarƙe. Babu abin da ya fi wannan muni a kogi mai gudu. Ruwa ya fara hawa mata kan cinya, Ayaba yana karkacewa, sandar fatsa ta zame ta tafi.

Ta kama igiyar kifin ta ja da duk ƙarfinta, ko za ta zare. Tana jin su a can ƙasa suna motsi, kifin Gawie, na kwano goma. Ta ja har igiyar ta yanke mata tafin hannu. Zuciyarta ta yi zafi ƙwarai, ta ji kamar ta yi kuka, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti. Sai ta tuna fuskar Lucrecia a tsakar gida. Ta sa wuƙa ta yanke.

Kogi ya ɗauke ta kamar ɓawon gyaɗa. Ta lalubo filafili ta igiyarsa, ta daidaita hancin kwalekwalen, gwiwoyinta a matse da kifin da ya rage, yana dukanta da wutsiya. Dokarta ta farko ita ta cece ta, domin gida ruwan yake kai ta, sai dai yana kai ta da saurin da ba ta nema ba. Damuwarta gada ce. In ruwa ya cika, ƙaramar gadar nan takan zama baki mai haɗiye duk abin da ya zo, dole ta fita kafin ta kai. Ta fara yanko gefe tun daga nesa, tana sara ta hannu ɗaya, iska tana mayar da ita. Ta hango wurin shigarta, ruwa ya cinye rabinsa. Ta hango kuma wani mutum a tsaye a can, ba a kan tudu ba, a ƙasa, cikin taɓo, da rigar barci da silifas, ruwa yana wanke masa ƙafafu.

Ta kusa kaiwa, amma ba ta kai ba. Hancin Ayaba ya goga ciyawa ya fara zamewa zai wuce. Gawie ya ƙara taku ɗaya cikin ruwa, ya miƙa sandarsa da hannun hagu, lanƙwasasshen kan ya shiga madaukin da ke hancin kwalekwalen. Nauyin ya fizge shi ya zauna daɓas cikin taɓo, ruwa har ƙugu, amma bai saki ba. Wannan ɗan riƙon ya ishe ta. Ta diro, ta cafki ciyawa da hannu ɗaya, kwalekwale da ɗaya, ta ja su duka zuwa tudu, ta dawo ta tallabo shi ta hammata.

Suka zauna a cikin ruwan sama suna haki. Da ya samu numfashi ya ce, "Gidan Katriena ya yi nisa bana."

"Wa ya ce ka fito, tsoho? Kana so ka kashe kanka?"

"Ji mai magana." Ya leƙa cikin kwalekwalen. "Nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya. Duk wannan haukan a kan ɗaya."

"Babba ne."

"Ina sauran? Na san ki, ba kya dawowa da ɗaya."

Ta ce, "Na ƙulle igiya."

Ya juyo ya dube ta da kyau. Karkataccen bakin nan ya fara rawa, ta ɗauka sanyi ne, ashe dariya ce. "Ke? Mai wa'azin igiya?"

"In ka faɗa wa wani sai na mayar da kai inda na tsamo ka."

Hawan tudun ya ɗauke su lokaci, ita tana jan amalanke, shi yana dafe da kafaɗarta yana jan ƙafa, labule yana motsi a kowace taga ta layin. Bai sunkuyar da kai ba. A gida ta sauya masa kaya, ta sauya nata, ta ɗaure tafin hannunta da tsumma. Da ta fito ba ta same shi a ɗakin baya ba. Yana kicin, zaune a bakin tebur, kifin a gabansa, yana danna shi da yatsa.

"Kin bar shi ya sha wuya, naman zai yi tauri. Feɗe shi, kada ki ɓata min gefen ciki. Ɗauko buhun albasa."

"Buhun duka? Kifi ɗaya ne."

"Gida nawa ne a layin nan? Ɗauko."

Ta ɗauko. Ya sa ta ciro wuƙar nan mai baƙar ƙota daga inda take tun Kirsimeti. Ya riƙe ta da hagu, ya juya ta, hannun bai saba ba. Ya ɗora ta a kan albasa, albasar ta mirgine ta faɗi ƙasa. Ya sake gwadawa da wata, ita ma ta gudu. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya, Mieta ta ga fuskar nan ta ɗakin baya tana dawowa, ta ga zai ajiye wuƙar. Rarrashi dai ba ta iya shi ba. Ta jawo kujera kusa da shi, ta ɓare albasa, ta dafe ta a kan katako da karkatattun yatsunta.

"Yanka."

"Zan yanke ki."

"Kogi bai cinye ni ba sai kai? Yanka, ruwan tsami yana jira."

Ya yanka. Zoben farko ya fito da kauri kamar tayar amalankenta, ya yi tsaki. Na biyu ya ɗan fi. Can cikin albasa ta uku ko ta huɗu wuƙar ta zame ta shafi babban yatsanta, jini ya fito. Ya tsaya. Ta tsotse yatsan, ta naɗe shi da filasta, ta ɗauko wata albasar ta dafe. Haka suka yi ta yi har buhun ya yi ƙasa, hawaye yana zuba daga su biyun, kowa ya ce albasa ce. Daga nan ya koma ba da umarni, kori kaza, kurkum kaza, sukari, ganyen lemun tsami daga bishiyar baya, yana ɗanɗanawa yana cewa ta cika hannu, ba ta da kai, wa ya koya mata soya kifi. Mieta ba ta taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Lucrecia ta zo ranar Alhamis, ta ji labari tun daga bakin layi, ta shigo da niyyar yaƙi. Ta tarar da ubanta a tsakar gida yana yi wa Ayaba duban tsaga, sai ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar Juma'a bayan coci farin kwanon nan ya fito. Mieta ce ta ɗauko shi, Gawie yana gaba da sandarsa, da ita yake ƙwanƙwasa ƙofofi. Kowane gida an zuba musu, kuma gaskiya sai ka tona sosai kafin ka ci karo da kifi. Ba wanda ya damu, mun ci albasar da burodi mun lashe kwano. Sus Katriena dai ba za ta bari ba. Ta karɓi nata ta jujjuya da cokali.

"Oom Gawie, wannan kifin tsami ne ko albasar tsami? In na ga kifin in gaishe shi?"

"Ki gaishe shi da kyau, ya fi ki sanin wahala."

Idonta ya sauka a kan hannun Mieta, tsumma a tafi, filasta a yatsa. "Kin gani ko? Wannan duk aikin kogi ne. Ni dai na faɗa."

"Kogi ne," in ji Mieta.

"Tafin ne kogi," in ji Gawie. "Yatsan ni ne, wuƙata ce. Ba ta iya riƙo ba, sai ta shimfiɗa yatsa kamar mai jiran zobe." Ya juya ga matarsa yana gyara tsayuwa a kan sanda. "Baɗi ki riƙa lanƙwashe shi ciki, kin ji ko?"

Mieta ta tsaya da kwano a hannu. Baɗi ya ce, shi da ya hana ta maganar baɗi.

"Na ji," ta ce.

Ya riga ya yi gaba, yana jan ƙafa zuwa ƙofa ta gaba, ta gyara riƙon kwanon ta bi shi.